Kwalin matattun katunan rezo: mi zan cire kafin ƴan gwangwan su kwashe?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu riƙe ƙarfen dalma. Tambaya gare ni, amma ku yi haƙuri sai na ɗan ja ta, don ku san abin da ke hannuna.

Kawuna ya taɓa riƙe siber nan Maradi, tun zamanin da ɗalibai ke jerin gwano su biya kuɗin awa don su duba saƙo. Da waya ta shiga aljihun kowa kasuwar ta kwanta, ya mai da shagon wurin fotokofi da buga takardu. Satin da ya wuce yana share ɗakin ajiya zai jibge buhunan gero, sai ya aiko a ce mini in zo in kwashi tarkacena tun bai kira ƴan gwangwan ba. Cikin abin da na ɗauko har da kwalin taliya cike da katunan rezo, irin waɗanda ake sokawa cikin kwamfutar tebur a jona musu kebul. Ya ce duka matattu ne. Wasu aradu ce ta kashe su wata damina, don a lokacin ya ja kebul ta bisa katanga zuwa wani buro da ke maƙwabtaka da shi. Wasu kuma haka kawai kwamfuta ta bar ganinsu, aka zare aka jefa kwali.

Na zube su bisa tabarma na kasa. Mafi yawa ƙanana ne koraye, babbar ƙwaƙwalwar da ke tsakiya tana ɗauke da hoton ƙaguwa, an rubuta RTL8139C, wasu RTL8139D. Akwai guda huɗu da suka fi su tsawo da tsufa, haƙoransu manya ne kuma an raba su gida biyu, su an rubuta RTL8019AS. Biyu daga cikin huɗun, ban da ramin kebul da muka sani, suna da wani bakin ƙarfe zagayayye da ya leƙo waje. Sai guda ɗaya tak na 3Com, mai lamba 3C905B. Kusan kowane kati na da baƙin akwati mai ƙafa 16 bayan ramin kebul, da ɗan gwangwanin ƙarfe mai rubutun 25.000 ko 20.000, da wata ƴar ƙwaƙwalwa mai ƙafa 8 da aka rubuta wa 93C46, da wani dogon mazauni da babu komai cikinsa.

Ɗaya dai ko makaho ya san aradu ta same shi. Bayan ramin kebul akwai ƴan resista huɗu a jere, biyu sun zama gawayi, shuɗin kondansan da ke gefensu ya tsage tun daga kai har ƙafa, kuma baƙin hayaƙi ya zana layi bisa allon har kusa da ƙwaƙwalwa. In ka kai hanci, har yau warin ƙuna bai fita ba.

Sana'ata gyaran waya ce da fitilun hasken rana, don haka ina da injin iska mai zafi, da mita, da ƙarfen dalma mai siririn baki. Abin da nake yi don nishaɗi kuwa shi ne ƙyanƙyasar ƙwan zabi. Na mai da wani tsohon firiji injin ƙyanƙyasa, da ƙwan lantarki da fanka da abin daidaita zafi na kasuwa. Ƙwan zabi na son zafi ya tsaya wajen 37.5, kuma yakan ɗauki kwana 26 zuwa 28. Matsalar ita ce bazara: watan huɗu da na biyar, ɗakin kansa sai ya haura 40, ni kuwa ina shago ban san abin da ake ciki ba sai na koma gida. Ina da ATmega328, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ake rubuta wa umarni, guda biyu zube, ina so in haɗa nawa abin daidaita zafin da kaina, ƙannena biyu su zauna su gani su koya.

To, cikin waɗannan katunan mi ke da amfani, mi ne ne shara? Kuma babbar tambayar: ko akwai wanda zan iya haɗa wa ATmega ya riƙa turo mini zafin injin in gani a waya? Mai gwangwan ya yi mini tayin dala ɗari a kan kwalin duka, ya ce don zinaren haƙoran yake so. Ban sallama ba tukuna.

Baba Mai Rediyo, Tibiri:

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka sallama, kuma kada ka yi saurin kunna injin iskan nan naka. Abin da masu siber ka kira matacce, rabinsa ƙura ce. Haƙoran katin nan in sunka sha hunturu biyu uku cikin shagon da ƙofarsa ke buɗe, sai su yi dattin da ido bai gani, kwamfuta ta bar gane su. Samu abin goge fensir na ƴan lakwal, fari, ka murza haƙoran gaba da baya har su yi ƙyalli, ka share da alkol. Sannan ka nemi tsohuwar kwamfuta mai farin ramin soka kati, wanda aka ce wa PCI, ka soka su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tashi, ka aje shi gefe da ransa. Kati mai rai ya fi kayan cikinsa daraja, ko don ranar da aradu za ta ƙone ramin kebul ɗin wata kwamfuta a zo maka da ita.

Waɗanda sunka ƙi tashi, su za ka yi wa fiɗa, kuma in ni ne, baƙin akwatin nan mai ƙafa 16 zan fara ɗauka. Taransifoma ce. In ka fasa guda, za ka iske ƴan zobban ƙarfe da ba su fi ƙwarar dawa ba, an naɗe su da waya siririya ƙwarai, an zuba musu gam. Aikinta ta raba kwamfuta da kebul: saƙo ya wuce, kuran ya tsaya. An yi ta ta jure volt 1500 tsakanin gefen kebul da gefen kati, shi ya sa sau da dama aradu ta kan cinye resista da kondansa da ita kanta ƙwaƙwalwar, amma ka iske taransifomar lafiya lau. Cikin akwati guda akwai biyu, ta aikawa da ta karɓa.

Ga yadda nika gwada su. Sa mita bisa ƙara. A kowane gefe za ka samu ƙafafu uku uku da ke kuka tare, farkon naɗi da tsakiya da ƙarshe, kuma juriyarsu ba ta kai om biyu ba. Daga nan ka ɗora baki ɗaya gefen kebul, ɗaya gefen kati. Nan shiru ake so. In ta yi kuka, aradu ta huda ta, jefar.

Tunda ka ce kana so ƙannenka su koya, ga abin da nika yi wa jikokina da su. Fitilar da ke ci da mataccen batir. Kayan huɗu ne: naɗi ɗaya mai ƙafa uku, tiranzista C945 ko BC547 daga kowace tsohuwar rediyo, resista mai om 1000, da farin ƙwan LED ɗaya daga fitilun da ke zube shagonka. Ƙafar tsakiya ta tafi kan batir. Ƙafa ɗaya ta gefe ta tafi kolekta, ɗayar ta bi ta resista ta shiga bes. Emita ta tafi gindin batir. Doguwar ƙafar ƙwan bisa kolekta, gajerar bisa emita. Shi ke nan. Farin ƙwai na son wajen volt 3, batirin rediyo sabo ma 1.5 gare shi, amma tiranzistar na buɗewa tana rufewa da saurin da ido bai bi, naɗin na tara ƙarfi yana harbawa, sai ka ga ƙwan ya kama da batirin da rediyo ta ƙi tun jiya. Yana ci har batirin ya sauka ƙasa da volt ɗaya sosai. In naɗin gefe ɗaya ya ƙi, koma ga na ɗaya gefen. Kada dai ka ɗora mata ƙwai biyar, wayar ciki ba ta iyawa. Hasken neman takalmi ne cikin ɗaki, ba na karatu ba, amma yaron da ya haɗa shi da hannunsa ba ya mantawa.

Wajen cirewa kuma: katunan da anka yi kafin 2006 dalmarsu ta da ce, tana narkewa wajen 183, ba ta gardama. Na baya, da Turawa sunka hana sa gubar dalma cikin kayan lantarki, sai zafi ya kai wajen 217, don haka ka fara shafa wa ƙafafun sabuwar dalma tukuna su yi laushi. Ramin kebul roba ne, in ka hura masa iska ta sama zai lanƙwashe, ta ƙasan allo ake gasa shi.

Batun zinare, bar shi inda ka gan shi. Shafe ne kawai, bai kai kaurin da za ka kankare da wuƙa ba, kuma masu fidda shi da ruwan asid mai hayaƙi suke yi, wasu su ƙona allunan bisa murhun gawayi cikin gida. Na ga mai yin haka, tarinsa bai da daɗin ji. Ita dalmar ma da muke wasa da ita ba abin rainawa ba ce. A 2010 yara ɗaruruwa sunka rasu ƙauyukan Zamfara saboda ƙurar dalmar da ke cikin duwatsun zinaren da aka daka cikin gidaje. Namu bai kai wannan ba ko kusa, amma gubar ɗaya ce. Yaran nan su wanke hannu da sabulu kafin su sa shi cikin tuwo, kuma kada a ci komai bisa teburin aiki.

Ɗalibar Lantarki:

Yaya Ɗan Bagalam, Baba ya gama da taransifoma, bari in ɗauki babbar tambayarka, don nan ne kwalin naka ya rabu biyu.

Masu RTL8139 da na 3Com ɗin, cire rai da haɗa su da ATmega. Ramin PCI suke shiga, mai gudun megahaz 33 da layukan bayani 32 a lokaci guda, kuma katin da kansa yake shiga ma'ajiyar kwamfuta ya ajiye abin da ya karɓo. ATmega328 ba ta da ƙafafun, ba ta da saurin, ma'ajiyarta duka kilobait 2 ce. Ba maganar ƙwarewa ba ce, hanyar ce babu.

Tsofaffin huɗun nan da ka ga kamar su ne suka fi zama shara, su ne dukiyar kwalin. RTL8019AS ta zamanin ramin ISA ce, wanda ya riga PCI, tana bin tsarin katin NE2000 na kamfanin Novell, kuma tana yarda ta yi magana da layuka 8 kacal. Tana da tata ma'ajiyar ta kilobait 16 a ciki, saƙo ya zauna can har ka zo ka ɗiba a hankali. Wajen farkon shekarun 2000 masu wasa da lantarki da ita suke sa ƙananan ƙwaƙwalwa cikin rezo. Allon Ethernut na farko ma ita aka ɗora masa tare da ATmega, kuma manhajar uIP ta Adam Dunkels don irin wannan ƙaramin aiki aka rubuta ta. Ba sai ka cire ƙwaƙwalwar daga katin ba, a kan haƙoran za ka like wayoyi. Ka riƙe katin kayan suna kallonka, wannan gefen A ne, bayansa B, ana ƙirgawa daga wajen ƙarfen da ake ɗaure wa kusa. A2 zuwa A9 su ne layukan bayani. A31 zuwa A27 su ne layukan adireshi biyar da kake buƙata. B13 rubutu, B14 karatu, B2 tada ƙwaƙwalwa daga farko, B3 volt 5, B1 ƙasa. A11 ma a kai shi ƙasa. Sauran layukan adireshi a ɗaure su dindindin su ba da 300 na heks (ƙirgan kwamfuta mai tushe 16) in katin a nan aka saita shi. Guntun haƙoran da ke bayan tsaga a bar su haka nan.

Amma ka ƙirga: 8 da 5 da 3, ƙafa 16 ke nan. ATmega328 in ka cire na kiristal da na riset, 20 suka rage. Huɗu za su riƙe ma'aunin zafi da rilen ƙwan lantarki da fanka da injin juya ƙwai, allon nuna lamba bai samu wuri ba. Ga ma'ajiya kuma: saƙo ɗaya na rezo na iya kai bait 1518, kai kuwa 2048 gare ka duka. Ana yi, amma da matsi. Da ATmega32 ko allon Arduino Mega, masu ƙafafu fiye da haka, zai fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni a ganina kada ka ɗora rayuwar ƙwan zabinka a kan wannan gwaji. Ka bar ATmega ɗaya ta yi aikin zafi ita kaɗai, ɗayar ku yi wasa da ita da katin.

Ƴan gwangwanayen ƙarfen nan kiristal ne, masu ba ƙwaƙwalwa bugun agogonta, kuma lambar da ke kansu ta raba su. Masu 20.000 na katunan megabit 10 ne, kuma megahaz 20 shi ne iyakar abin da ATmega328 da PIC16F877A ke ɗauka, in wuta ta kai volt 4.5 zuwa sama. Ka haɗa da kondansa biyu masu pikofarad 22, ka samu agogon ƙwaƙwalwarka kyauta. Sai dai fa manhajar Arduino, da ake rubuta wa ATmega umarni da ita, na zaton megahaz 16 ne. In ka sa 20 ba ka gaya masa ba, lokacinsa zai riƙa gudu: juyin ƙwai da ka sa duk awa 4 zai zo bayan awa 3 da minti 12, kwana 28 ɗinka kuma su cika tun ana kwana 22 da ƴan awoyi. Akwai MiniCore da ake ƙara wa manhajar Arduino, a ciki sai ka zaɓi 20. Masu 25.000 sun fi ƙarfin ATmega, amma ka adana su, don da su ƙwaƙwalwar rezo irin ENC28J60 da W5500 ke aiki.

Ita 93C46 ma'ajiya ce da ba ta mantuwa in kuran ya ɗauke, sai dai bait 128 ce kacal, alhali ATmega na da 1024 irinta a cikinta. Fifikonta ɗaya: ta cikin ATmega rubutu sau 100,000 aka lamunce mata, takardun mafi yawan 93C46 kuwa sau miliyan ɗaya suke cewa. Ga injin da zai riƙa ajiye minti nawa ƙwai suka yi, don kada ɗaukewar kuran ta ɓata lissafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba irin 24C da ka saba gani a talabijin ba ce, waya huɗu take so, ƙafa 1 zuwa 4, wuta a ta 8, ƙasa a ta 5. Kafin ka goge ta ka karanta abin da ke ciki, ƙannenka za su ji daɗin wannan. A na RTL8139, bait biyun farko 8129 ne, daga bait na 0E zuwa 13 na heks kuma lambar katin ce ta duniya, bait shida, wadda sau da yawa ke farawa da 00 E0 4C, lambar Realtek. Wani lokaci wannan ƴar ƙwaƙwalwar ce kawai ta rikice kwamfuta ta kasa gane katin. In ka ga haka, kwafo daga mai lafiya, ka canza bait na ƙarshe na lambar don kada biyu su yi karo, katin ya tashi.

Na Jibiya:

Maigida, ni ɗan kasuwa ne, bari in faɗa maka wadda ba za ka so ji ba. Daga gidanka zuwa shagonka mita nawa ne? Kebul ɗin netwok mita 100 ce iyakarsa. Ko ka yi wata guda kana like waya 16 a haƙoran kati, ƙarshenta sai ka sayi rawuta ka sa mata data a gida, ka kuma nemo yadda saƙon zai fito waje ya same ka. Ƴar ƙwaƙwalwar ESP8266 tun 2014 take kasuwa, da wayfai ɗinta a jikinta, ba ta kai akwatin ashana ba. In kuma ba ka son rawuta, ga ƴar na'urar SIM800L, ka sa mata layin waya ta turo maka tes duk sanda zafi ya wuce 38.5. Masu zuwa Kano sari suna samo su, ka ba da saƙo a kawo maka. Lokacin da za ka ɓata a kan katin da ya girmi ƙannenka, gyaran waya nawa za ka yi a ciki?

Abu ɗaya da zan ce ka cire shi ne ramukan kebul. Ka like ɗaya a akwatin na'urarka, ɗaya a jikin firijin, ka haɗa su da guntun kebul, ka samu waya takwas masu ƙulli da ba sa zamewa, ma'aunin zafi DS18B20 uku kawai yake ci. Ka dai rubuta a jiki da maka cewa ba na netwok ba ne, kada wani ya soka kwamfuta. Sauran ka ba mai gwangwan, amma dala ɗari ta yi kaɗan, ya ƙara.

Ɗan Bagalam:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na bi maganarka. Wani abokina a unguwar Zariya na da tsohuwar kwamfuta mai farin rami, muka goge haƙora muka gwada, shida suka tashi har da na 3Com ɗin, fitilarsu ta kama da muka soka kebul. Kawu da na gaya masa sai ya ce to in mai da masa biyu. Wanda aradu ta ƙone kuwa, na cire taransifomarsa na gwada, shiru tsakanin gefe da gefe, kuma ita ce yanzu ke cikin fitilar da ƙaramin ƙanena ya haɗa cikin robar maganin tari. Jiya da kuran ya ɗauke ya hana kowa kunna tocila.

Na Jibiya, gaskiyarka kan nisa, daga Bagalam zuwa bakin kasuwa babu kebul ɗin da zai kai. Tes ɗin zan yi, na riga na ba da saƙon SIM800L. Amma lissafin gyaran waya nawa zan yi, wannan ban karɓa ba. Bayan sallar isha'i ba mai kawo mini waya, kuma da in zauna fada ana shan shayi ana gardamar ƙwallo gara in ga katin nan na 8019 ya amsa mini ko sau ɗaya. Ƙanwata ɗaliba, zan yi yadda kika ce, ATmega ɗaya ga zabi, ɗaya ga wasa. Kiristal mai 20 zan ciro daga wanda allonsa ya tsage cikin huɗun.

Saura abu biyu. Masu zagayayyen bakin ƙarfen nan suna da wani baƙin dunƙule babba, ya fi taransifomar tsawo da nauyi, kusa da wata ƙwaƙwalwa mai lamba 8392. Mi ne ne shi? Sannan a ƙasan kwalin na tsinci wata doguwar ƙwaƙwalwa mai ƙafa 28, an manna mata takarda a ka, da na ɓare sai ga tagar gilashi, ana hango wani ɗan murabba'i mai walƙiya a ciki. 27C256 aka rubuta.

Baba Mai Rediyo, Tibiri:

Ɗana, dunƙulen nan shi ne abin da ni zan roƙe ka in kana da biyu. Bakin ƙarfen na kebul ɗin da ne, mai waya ɗaya a tsakiya irin ta eriya, om 50, wanda aka ja daga kwamfuta zuwa kwamfuta har mita 185. Ita 8392 da ke magana da wannan kebul volt 9 taka ci, kuma dole wutarta ta zama ba ta haɗu da ta kwamfuta ba. Dunƙulen shi ka yin wanga aiki: ya karɓi volt 5, wasu 12, ya fidda 9 da ba ta da alaƙa da inda ta fito. Bi layin allon da mita kafin ka cire. In ƙafar shigarsa na kuka da B3 ko B29, na volt 5 ne. In da B9, na 12 ne. Ƙafafun da sunka nufi 8392 su ne fita. Wasu na da ƙafa guda ta kunnawa, ka duba inda ta tafi ka zana bisa takarda tun yana jikin allo.

Amfaninsa? Mitarka. Batirin nan mai volt 9 da ke mutuwa duk sanda ka manta ba ka kashe ba. Mita ba ta son a ba ta wuta daga abin da take aunawa, karatun ya rikice, wani lokaci ta ƙone. Da wanga dunƙule sai ka ciyar da ita daga cajar waya ko batirin hasken rana na shagonka, ba ta san sun haɗu ba. Ka auna fitar tukuna da resista mai om 1000 a kai, don wasu in babu kaya sukan haura 9, kuma ka ƙara kondansa mai maikrofarad 100 a bakin fita. Don aikin tebur ne kawai, na waya da fitila. Ranar da za ka auna kuran na bango mai 220, cire shi ka mai da batir.

Mai tagar kuwa ita ce ta dogon mazaunin da ka gani wofi. Da ita kwamfutar da ba ta da faifai ka tashi daga rezo. Kilobait 32 ce, kuma ba a goge ta da kuran, sai da hasken da ke shiga ta gilashin. Masu yin ta sun ce hasken rana kai tsaye kan goge ta cikin kamar mako guda, don haka anka manna takardar. Rubuta mata sabon abu na son na'ura mai ba da fiye da volt 12, amma karatu volt 5 ya isa, ɗiyar nan tamu ta jami'a ta nuna maka da Arduino Mega. In kana son ganin abin da ke ciki, mai da mata takardarta yau, ko ka manna baƙin salatif, kada ka bar ta bisa tebur bakin taga.